Tsohuwar Ƙofar da Kawu Ya Ƙi Rufewa

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, ba wanda za a bari ya tsare gida. Kawu ya faɗi a bakin famfo ranar Alhamis da hantsi yana alwalar walaha, bai sake magana ba, Juma'a da safe rai ya yi halinsa. Bayan an sauko daga masallaci aka sallace shi, kafin la'asar har maza sun dawo daga maƙabartar Gudu da jar ƙasa a ƙafafunsu.

Umma, mahaifiyata, wadda ita ke bi masa, ba ta yi kuka ba ranar. Tana zaune kan tabarma ta miƙe ƙafa, duk wanda ya ce mata "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Yau ni ce babba a gidanmu," kamar wadda aka ɗora wa laifi. Wata mai kifi daga kasuwar Kado, wadda shekara da shekaru a wurinta yake sayen tarwaɗa duk Asabar, ta shigo da ƙarninta da komai, ta durƙusa gaban matar Kawu tana cewa da irin Hausarta, "Mama, Baba ya tafi? Na ajiye masa babban guda fa, na ajiye masa." Mutanen ofishinmu kuwa suka zo a jere cikin motoci, suka zauna ƙarƙashin rumfa suna ta zuba yabo, har da waɗanda na sha ji da kunnena suna kiransa tsohon yayi a bayan idonsa. Ban ce musu uffan ba, don ni ma ina cikinsu, ni ce ma babbarsu.

A ɗakin da muke zaune da matar Kawu, wadda muke kira Anti, kaftaninsa na rataye a bayan ƙofa tun ranar da ya faɗi. Jim kaɗan sai ka ji wani abu na zuuu a aljihun, ya yi shiru, ya sake. Yayar Anti ta ce, "Wai wayar wa ke damun mutane haka?" Anti ta ɗago kai kamar za ta ce wani abu, sai na riga ta.

"Ƙaramar wayar Kawu ce. Ku bar ta, masu gaisuwa ne, in sun gaji za su daina."

Ni na faɗi wannan da bakina. Abin da ke shigowa wayar nan ba gaisuwa ba ne, jini ake nema wa mai haihuwa, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Ina so a san wane ne Kawu, da abin da ya yi daidai, da abin da ya yi ba daidai ba, da nawa kason.

Kawu ɗan Zariya ne, ya zo Abuja tun ana share filaye, ya yi aikin kwamfuta a wata ma'aikata har ya yi ritaya. Maimakon ya zauna ya huta, sai shi da abokansa biyu suka buɗe wani ɗan kamfani. Aikin kamfanin guda ɗaya ne. Idan mace ta haihu a ƙaramin asibitin ƙauye jini ya ɓalle mata, nas za ta turo saƙon tes zuwa wata gajeriyar lamba. Manhajar da Kawu ya rubuta ta karɓi saƙon, ta duba wane bankin jini ne yake da irin jinin, ta sanar da mai babur mafi kusa, shi kuma ya ɗauko a kula ya kai. Saƙon abu huɗu ne a jere: kalmar JINI, sai rukunin jinin, sai yawan leda, sai lambar asibitin. Ita kuma na'ura ta amsa da kalma huɗu, AN KARBA YANA HANYA. Kowace irin waya na iya tura shi, ko da mai tocila ce da aka ɗaure da roba.

Wannan saƙon shi Kawu ke kira ƙofa. A sana'armu duk inda mai amfani da manhaja ke shigowa, ko inda wata manhaja ke magana da taka, ƙofa ce, kuma akwai wani dogon suna da ake kiranta da shi a makaranta, amma ni ban taɓa jin ya faɗe shi ba. Cewa yake yi, "Cikin gida naku ne, ku rushe, ku gina, ku sa bene in kun ga dama. Bakin ƙofa ba naku ba ne. Na wadda ta saba shigowa ne a guje."

Shi ya sa ni a wannan hanya. Ina aji uku na sakandare ya kawo mini wata tsohuwar kwamfuta har Zariya a bayan mota, ya naɗe ta da bargo. Babana ya ce me ɗiya mace za ta yi da wannan, Kawu ya ce, "Abin da ɗa namiji zai yi da ita, sai dai ita za ta fi kula da ita." Da na gama jami'a a gidansa na zauna a Kado shekara uku. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana cikin raha ya ce Injiniya, in kuwa na ji ya ce "Ɗiyata, zo nan," to na san na yi ɓarna.

Mutum ne mai taurin kai, kada yabon rumfa ya rufe wannan. Shekara goma yana sa hula iri ɗaya, in ta tsufa ya sayo irinta sak. Ba ya shan ruwan firji. A kusurwar ofishinsa akwai randa ta Ushafa da murfin katako da moɗa, baƙi su shigo da kwat su ga randa kusa da na'urori su rasa abin cewa. Wata rana mai shara ta ture ta, ta fashe. Ranar Asabar ya ce in raka shi Ushafa, ya ɗauki murfin ya riƙe a cinya har muka isa. Wata dattijuwa ce ke gina masa, yumɓu har gwiwar hannunta. Ya zaɓi sabuwa, ya ɗora tsohon murfin, ya zauna daram kamar tare aka yi su. Ya dube ni.

"Injiniya, kin gani? Shekara nawa tsakanin waccan da wannan? Cikin ya fi na da faɗi, adon ma daban. Mama, me ya sa ba ki canza bakin ba?"

Matar ta yi dariya ta ce, "Baba, in na canja, mutane zai dawo ya ce murfi bai shiga. Wa zai saya masa sabon murfi?"

Har muka dawo gida yana maimaita maganar nan yana murna, ni kuwa ina ta hamma. A raina cewa nake yi, to mu randa muke ginawa?

Akwai wani injiniya da muka ɗauka, mai kai sosai, ya ga cewa in aka sa lambar asibiti a farkon saƙo maimakon ƙarshe, aikin na'ura zai fi sauƙi. Gaskiya ya faɗa. Ya kawo maganar a mitin. Kawu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tashi ya miƙa masa ƙaramar wayarsa, ya ce ya riƙe ta da hagu, ya sa damansa cikin bokitin mai shara. Duk muka yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Yanzu ga mace nan tana zubar da jini a gabanka, uwarta na ihu a kunnenka. Tura mini saƙon a sabon jerinka. Kar ka yi tunani, ba ka da lokacin tunani." Mutumin ya ji kunya ƙwarai, kuma ni har yau ina ganin Kawu ya wuce gona da iri, don gaban mutane ne. Da yamma dai na ga ya kira shi ofis, ya ɗebo masa ruwan randa, suka zauna har magariba suna gyara cikin manhajar yadda saurin zai samu ba tare da an taɓa jerin saƙon ba. Ya ɗauke su mako uku, abin da da an canza jerin kwana ɗaya ya isa.

To wannan shi ne ciwon. Komai a wurinmu mako uku ne. Manhajar ta tsufa, faci kan faci, duk wanda ya buɗe ta sai ya yi salati. Kowane sabon abu muka gina sai mun sake gina masa ƴar hanyar da zai bi ya gaisa da tsohuwar ƙofa. Ga shi ƙofar ba ta tambayar kowa wane ne shi, duk wanda ya san lambar asibiti zai iya turowa. Wata rana wani marar tsoron Allah ya turo saƙon ƙarya, mai babur ya kwashi leda biyu ya tafi har bayan Bwari a banza, a daidai lokacin da wata mata ke jira a Gwagwalada. Ta rayu, amma da ƙyar. A lokacin ni ce shugabar injiniyoyi, Kawu da kansa ya ba ni kujerar. Na ce ya isa haka. Za mu gina sabuwar manhaja ta babbar waya, kowace nas da sunanta da lambar sirrinta, taswira ta nuna inda take. Masu tallafa mana ma abin da suke so ke nan. Za a raba wa asibitoci wayoyi, a koya musu, a ba su wata shida, sannan a rufe tsohuwar lamba.

Kawu bai ƙi sabuwar ba. Har ya taya ni tsara ta. Rufewar ce kawai ya ƙi.

"Ki bar su biyun."

"Kawu, in na bar su biyun ba wadda za ta koma sabuwar. Kuma ƙarya za ta ci gaba da shigowa ta tsohuwar."

"To ki sa wa tsohuwar mai gadi. Ki sa ta karɓi saƙo daga lambobin da muka sani kawai. Ba sai kin toshe ta da bulo ba."

"Nas-nas ɗin nan kullum canza layi suke, wani lokacin ma da wayar mijin mai haihuwa suke turowa. Wata shida za mu ƙara yi muna faci. Har yaushe za mu yi ta ɗaukar gawa a kafaɗa?"

A gaban daraktoci ne, mutum shida a tebur. Sai Kawu ya ce, "Ɗiyata, kin taɓa zuwa bayan Karshi da damina?"

Nan zuciya ta ɗebe ni, don na tsani a mayar da ni yarinya a gaban mutane. Na ce, "Kawu, da girmanka, ba ƙauyawan kake karewa ba. Aikin hannunka kake karewa. Ba ka son a ce abin da ka gina ya mutu."

Wallahi da ana mayar da magana ciki da na mayar. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Aka kaɗa ƙuri'a na ci. Ƙarshen watan ya ce ya gaji, zai koma gida. Aka yi masa ɗan walima da kek, ya sa aka ɗora masa randarsa a bayan mota. Umma ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata.

Ranar da wa'adin ya cika ni na danna abin da ya kashe tsohuwar lamba, da ƙarfe goma na safe, muka tafa. Akwai asibitoci bakwai da Kawu ya sha ambata, su na fi jin tsoro, irin na can ciki, bayan Karshi da bayan Ushafa da gefen Kwali, waɗanda har makon ƙarshe da tsohon saƙo suke turowa. Sai ga shi cikin kwana goma dukkansu sun bayyana a sabuwar manhaja, buƙatunsu na shigowa tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Na yi murna har na kasa haƙuri. Ranar Asabar na je gidansa, na same shi yana gyara tarwaɗa a tsakar gida, na buɗe kwamfuta na nuna masa.

"Kawu, ka ga bakwai ɗinka? Duk sun koma. Ba wanda ya mutu."

Ya leƙa allon, hannunsa duk jinin kifi, ya ce, "Madalla, Injiniya." Ya ci gaba da aikinsa. Na ɗauka kunya ce ta hana shi ƙarawa.

Shekara biyu ke nan. Muka shirya sama-sama, ina zuwa gaisuwa, ba ma taɓa zancen ofis. Na lura dai ya rame. Na lura ya daina zuwa Zariya ko da sallah, ya ce hanya na wahalar da shi. Na lura wayoyi biyu yake yawo da su, babba da ƙarama, kuma ko masallaci zai shiga sai ya duba ƙaramar. Sau biyu cikin watannin ƙarshe ya kira ni. Na farko ya ce, "Ɗiyata, in kin samu sarari ki zo, akwai maganar tsohuwar ƙofa." Na ce, "Haba Kawu, maganar nan ai ta wuce, don Allah kar mu tayar da ita." Na biyu saura mako biyu ya faɗi, ina cikin mitin, na tura masa saƙo cewa zan kira. Ban kira ba.

Ranar Lahadi aka yi addu'ar uku. Bayan an watse, an kwashe kwanukan waina, na shiga yi wa Anti sallama. Tana zaune a kusurwa cikin hijabin takaba, ta nuna kaftanin da haɓa.

"Ki ɗauke wayar aikinku. Tun jiya ta yi shiru, ina jin caji ya ƙare."

"Wane aikinmu, Anti? Kawu ai ya bar aiki."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ya bar aiki? Mutumin da ko loma ya kai baki in wayar nan ta yi ƙara sai ya ajiye? Ya duba ƙaramar, ya danna babbar, ya dawo ya danna ƙaramar. Shekara biyu ko bikin ƴar ƙanwata bai je ba, wai can babu sabis. Na ce ofis ɗin nan ba su da tausayi, ya ce in yi shiru, ɗiyarsa ce oga. Ranar Juma'a da kika ce a bar ta, na ɗauka kin sa wani ya riƙe muku."

Na sa wayar a caji a nan ɗakin, ina durƙushe kusa da soket. Da ta kawo haske na buɗe akwatin saƙo. Ba gaisuwa ko ɗaya. Daga sama har ƙasa JINI, JINI, JINI, da rukuni da yawan leda da lambar asibiti, a tsohon jerin nan da na kashe. A akwatin waɗanda aka tura kuwa, amsa ɗaya ce ya yi ta rubutawa da babban baƙi, da yatsansa, AN KARBA YANA HANYA. Na buɗe babbar wayar, Anti ta san lambar buɗewa. Sabuwar manhajata ce a ciki, da asusun asibitoci bakwai.

Sai a lokacin na gane abin da ya yi. Da na rufe lambar, ya bi asibitocin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce musu lamba ce kawai ta canza, su ci gaba da turowa yadda suka saba. Lambar da ya ba su ta ƙaramar wayarsa ce. Saƙo ya shigo, ya kwafe shi da hannu ya shigar a manhajata da sunan asibitin, sannan ya amsa musu da kalmomin da na'ura ke amsawa a da. Nasarar da na je har gida na yi masa gori da ita, shi ne yake zaune yana yi mini ita.

Saƙonni biyar ne ba a amsa ba tun daga hantsin Alhamis. Biyu daga wurare daban, na kira su nan take, duka an samu an kai matan gari sun tsira. Sauran ukun daga lamba ɗaya ne, asibitin bayan Karshi, ranar Juma'a, tsakanin ƙarfe uku da huɗu na yamma. Bayan su akwai kira tara da ba a ɗaga ba. A daidai wannan lokacin ne muke zaune a ɗakin nan, kaftani na zuuu a bayan ƙofa. Na kira lambar, ba ta shiga.

Da safe na kama hanya, ta Nyanya da Karu da Orozo. Daga Karshi aka ce mota ba za ta shiga ba, ruwa ya cinye hanya, sai babur. Muka yi ta kutsawa cikin caɓi tsakanin gonakin masara da doya, ina kallon sandunan sabis a wayata suna raguwa har data ta ɗauke gaba ɗaya, sanda ɗaya ta rage, ita ma tana zuwa tana tafiya. Ban taɓa zuwa bayan Karshi da damina ba sai ranar.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Nas ɗin babbar mace ce, ta kusa sa'ar Umma, da ɗan gicciye a wuya, kowa na ce mata Sista. Na ce daga kamfanin jini nake. Ba ta ce in zauna ba.

"Ku ne? Madam, na tura sau uku. Sau uku! Na kira, na kira, ba wanda ya ɗauka. Tun da muka fara da ku bai taɓa yi mini haka ba."

"Matar fa, Sista?"

"Mun sa shi a babur, mijin a baya yana riƙe da shi. Kafin su kai titi ya tafi. Yarinyar dai yana nan, mace, kakan ya ɗauka."

Na dafa ginshiƙin barandar. Haihuwarta ta huɗu ce, in ji Sista, kuma a nan ta haifi sauran ukun. Na tambaye ta babbar wayar da muka raba. Ta jawo durowa ta nuna mini ita, allon ya kumbura ya tsage. Ta ce ko lokacin da take aiki, sai an hau tudun bayan coci ake samun data, wa zai bar mai zubar da jini ya hau tudu? A jikin bango, sama da gadon haihuwa, an rubuta lamba da baƙar maka, manya-manya, a ƙarƙashi an rubuta jerin saƙon. Na san rubutun. Haka yake rubuta bakwai, da ɗan layi a tsakiya.

"Wani Baba ne ya zo ya rubuta, mai hula," in ji Sista. "Ya ce lamba ya canja amma komai yana nan yadda yake, kar mu damu. Ya sha ruwa a nan ya tafi. Ban sake ganinsa ba."

Zan faɗi gaskiya ko da ta'aziyya ce: a kan barandar nan na ji haushin Kawu kamar in yi ihu. Shi ne ya koya mini kar a taɓa rataya rayuwar mutane a kan abu ɗaya tilo, na'ura ɗaya ko waya ɗaya, sai an yi mata ta biyu. Sai ga shi ya rataya asibitoci bakwai a kan zuciyar dattijo mai hawan jini, bai gaya wa kowa ba. Da ya zo ofis ya buga tebur, da ya kunyata ni gaban daraktoci kamar yadda na kunyata shi, da ya fi mini. Na san abin da ya hana shi. Da an ji cewa wani na shigar da buƙatu da sunan asibitoci bakwai a ƙarƙashin hancina ban sani ba, kujerata ce za ta tafi, shi kuwa shi ya ɗora ni a kanta. Ya rufa mini asiri, kuma da ya ji jikinsa ya fara ba shi labari ya kira ni sau biyu. Haushin bai daɗe ba ya dawo inda ya dace, wato kaina.

Mun sake buɗe tsohuwar ƙofa. Ba sabuwar lamba muka ba su ba, layin Kawu muka ɗauka muka haɗa da na'ura, don lambar da ke jikin bangon nan ba zan sa kowa ya goge ta ba. Mun sa mata irin mai gadin da ya ce, in saƙo ya zo daga layin da ba mu sani ba, ana tura jinin kuma mutum ya kira ya tabbatar. Aikin da na ce zai ci wata shida, kwana goma sha ɗaya ya ci. Kafin a gama, wayar na jikina, ni nake amsawa. Daraktoci sun ji komai daga bakina, abin da za su yi da ni kuma nasu ne. Umma ta ce in daina cewa ni na kashe matar, kwananta ne ya ƙare. Na san haka ne, na yi imani da haka. Amma ni na ce a bar wayar.

Ya Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa taurin kansa, ka sa saƙonnin nan da ya amsa su tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka jiƙan baiwarka da ta tafi a kan babur, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba, ka raya abin da ta bari. Wanda ya karanta wannan ya sa su biyun a addu'a, ni ma in da hali ya sa ni.

Ranar nan da zan bar asibitin, har na hau babur, Sista ta biyo ni bakin hanya. Fushinta ya ɗan sauka.

"Madam, ki gaya mini gaskiya, don in san abin da zan yi gobe. Injin ɗin ne ya lalace?"

Na ce, "Ba inji ba ne, Sista. Baban nan ne mai hula. Shi yake amsa miki tun ranar da ya rubuta lambar. Ranar Juma'a da kika turo, ana binne shi."

Ta tsaya tana kallona. Ta juya ta kalli ƙofar asibitin, ta sa hannu biyu a ka.

"Shekara biyu," ta ce. "Ko sannu ban taɓa ce masa ba."